Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa na Iullemeden

Iullemeden babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000, wanda mafi yawansa ke Nijar da Najeriya da Mali. A Najeriya yana ƙarƙashin yankin Sakkwato da Kebbi, inda rijiyoyi ke shayar da mutane da dabbobi da gonakin rani.

Daga 2004, masana ilimin ƙasa na ƙasashen uku sun haɗa bayanan rijiyoyinsu wuri guda, bisa jagorancin cibiyar OSS da ke Tunis, da tallafin asusun GEF. Binciken ya nuna ruwan da ake ɗiba ya zarce wanda damina ke mayarwa.

A Maris 2014, a Abuja, ministocin ƙasashen yankin sun amince da tsarin tuntuɓar juna kan amfani da ruwan.