Yadda Ruwa Ya Shiga Hoton Kwamfuta Mai Motsi

A shekarar 1972 ne Edwin Catmull, ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka, ya sa kwamfuta ta zana hannunsa na hagu yana buɗewa yana rufewa. Shi hannu siffarsa sananniya ce, ana iya auna ta. Ruwa kuwa ba ya tsayawa balle a auna shi.

Dabarar shawo kansa ta fito ne daga cibiyar binciken kimiyya ta Los Alamos, inda a 1965 Francis Harlow da Eddie Welch suka kasa fili gida-gida, na'ura tana lissafa yadda ruwa ke ƙetarawa daga wannan gida zuwa wancan. Sai a 1996 Nick Foster da Dimitris Metaxas suka jawo dabarar cikin sana'ar hoto mai motsi. A 1999 Jos Stam ya fito da hanyar da lissafinta ba ya rikicewa ko an gaggauta shi, sai dai tana dusashe ƙananan juye-juyen ruwan.

Masu shirya fim suka yi na'am da ita, domin gamsar da ido suke nema. Amma injiniyan da aka ɗora wa gina madatsar ruwa, rayukan mazauna gangare suna wuyansa, tilas ya riƙe lissafi mai tsanani.