Madubi Mai Guntaye 380: Nazari kan Kwaikwayon Kuskuren Haske

Hasken gama mai tsananin ƙarfi ba ya isowa doron ƙasa. Da zarar ya shigo iskar sama sai ya tarwatse ya zama yayyafin ƙananan ƙwayoyi, su kuma su saki wata shuɗiyar walƙiya a wajen kilomita 10 bisa kanmu, wadda ba ta wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa. Ita ce walƙiyar Cherenkov, sunan masanin Rasha da ya gano ta a 1934. Kama ta sai da ƙaton madubi mai tara hasken a kan kyamara, kuma gilashi guda mai wannan girma ga tsada ga nauyi. Shi ya sa ake jera ƙananan madubai a kan kwarangwal na ƙarfe.

Akwai irin wannan a nahiyarmu. Tashar H.E.S.S. da ke tuddan Khomas a Namibiya ta fara aiki a 2002. Na'urorinta huɗu na farko, masu faɗin mita 12, kowace na ɗauke da madubai 380 zagayayyu. A 2012 aka ƙara babbar mai mita 28 da madubai 875.

Abin da ya kamata a gane shi ne babu tsarin jeri da ba shi da aibu. Zaɓen aibu ake yi. Ƙananan huɗun sun bi tsarin Davies da Cotton na 1957, wanda asali don tara zafin rana aka ƙirƙiro shi. Duk guntayen lanƙwasarsu ɗaya, don haka ƙera su da sauƙi, kuma hoto ba ya lalacewa sosai a gefen kyamara. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci: hasken da ya bugi bakin madubi da wanda ya bugi tsakiya ba sa isa kyamara tare. A madubi mai mita 28 wannan tazara ta yi yawa, sai aka koma ga siffar farabola, inda haske ke isa lokaci guda, amma ɗigon haske yakan fitar da wutsiya idan ya kauce daga tsakiya.

Wannan aibun lissafi ne, ana iya sanin sa tun a takarda. Mai wuyar shi ne na zahiri. Kowane guntu yana fitowa daga masana'anta da ɗan bambancin lanƙwasa, ƙarfe yana sunkuyawa idan na'ura ta karkata, ƙura da shekaru suna rage sheƙi. Duk mai ɗaura dish a rufin gidajen Iyana Ipaja ko Agege a Legas ya san ɗan gocewa kaɗan kan ɗauke hoto. To a nan ɗaruruwa ne dole su dubi wuri guda. A H.E.S.S. kowane madubi yana da ƙananan injuna biyu, ana daidaita shi da hoton tauraro.

A nan kwaikwayon kwamfuta ke shigowa. Manhajar CORSIKA ta Jamus tana kwaikwayon yayyafin, sim_telarray ta Konrad Bernlöhr ko ROBAST ta Akira Okumura suna bin sawun kowane zaren haske daga madubi zuwa kyamara, ana saka wa kowane guntu kuskurensa, sannan a gwada sakamakon da hoton tauraro na gaske.

A ganina nan amanar awon take. Yayyafin da ƙwayoyin furoton masu shigowa iskar sama ke haddasawa ya ninka na gama nesa ba kusa ba, kuma tun aikin Michael Hillas na 1985 da siffar hoto ake rarrabe su: na gama siriri ne. Idan kwamfuta ta ɗauka madubi ya fi yadda yake kaifi, za a zubar da gama na gaske a matsayin shara, a ba da rahoton haske ƙasa da yadda yake.

Sararin Legas, da gajimarensa da fitilunsa, bai dace da irin wannan na'ura ba, ƙurar hunturu kuma na hana Arewa. Amma ROBAST kyauta take a intanet, ƙaramar kwamfuta kuma ta isa a fara. Ina kira ga sassan fiziya na Jami'ar Legas, ta Bayero da ta Ahmadu Bello su ba ɗalibansu wannan aiki a matsayin binciken kammala digiri.