Masarautar Janjira

Janjira wata ƙaramar masarauta ce da ta kasance a gaɓar yammacin Indiya, kudu da Bombay, cikin jihar Maharashtra ta yau. Sunan daga Larabci yake, jazira, wato tsibiri. Sarakunanta Musulmi ne 'yan Siddi, jikokin mutanen gabashin Afirka da aka kai Indiya bayi da sojoji. Ganuwarsu tana tsakiyar teku, ta kuma gagari maƙwabtansu Marata: sarkin Marata Sambhaji ya kewaye ta a 1682, ya koma hannu rabbana.

A 1733 sarakunan Janjira suka ƙulla ƙawance da Turawan Ingila, sannu a hankali ƙawancen ya koma biyayya. Sarkin, mai laƙabin Nawab, ya ci gaba da zama kan gadonsa, ana harba masa igwa 11 ta girmamawa, amma hulɗa da waje tana hannun Turawa. An haɗe Janjira da Indiya a 1948.