Daga Akushi Zuwa Leda: Tarihin Tuwon Dare a Maikunkele

Yau za mu waiwayi wani tarihi da ba a karantar da shi a aji, wato tarihin abin da ake ɗora wa a murhu bayan la'asar a gidajenmu na Maikunkele. Wanda ya bi sawun tuwon dare zai ga yadda garin nan ya tashi, zai kuma ga abin da ke neman suɓuce mana.

Maikunkele da kewayenta ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwarawa, manoman doya da dawa tun kaka da kakanni. Hausawa sun daɗe suna ratsa yankin da fatauci, amma jirgin ƙasa ne ya sa aka zauna da yawa. Layin dogo da aka shimfiɗa daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911, ba a jima ba na Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. Leburori da mahauta da 'yan koli da malamai suka yi ta sauka daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, wasu suka bazu zuwa garuruwan da ke kan hanyar Zungeru, har da namu.

Kakanninmu sun zo da bakin da ya saba da tuwon dawa da miyar kuka, sai suka tarar da ƙasar doya. Daga maƙwabta Gbagyi aka saba da sakwara da faten doya. Daga ƙasar Nupe shinkafa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi suka riƙa shigowa, manja kuma ya hawo daga kudu. Shi ya sa har gobe baƙon da ya zo mana daga can Arewa yakan yi mamaki idan aka ajiye masa sakwara da miyar kuɓewa a gidan Bahaushe, ba ranar biki ba, ba ranar suna ba.

A wancan zamani aikin tuwon dare tun da hantsi yake farawa. A yi surfe, a sheƙe, a wanke, a shanya, a daka a turmi ko a niƙa a dutse. Da yamma a yi talge, a tuƙa da muciya, a kwashe da mara. Bayan magariba kowane magidanci ya sa a fito da akushinsa ƙofar gida ko zaure, a haɗu a yi ciyayya. Wanda aka yi wa miya da nama da wanda aka yi wa lami duk hannu ɗaya ake sawa, kuma ba a tambayar kwanon wa ya fi daɗi. Baƙo ko matafiyi ba ya kwana da yunwa. A cikin gida mata su kewaye nasu kwanon, yara nasu, a nan ake koya wa yaro ya wanke hannu, ya ci gabansa, kada ya riga babba ɗaukar nama. Abin da ya rage shi ne ɗumamen safe.

Amma ƙashin bayan wannan tuwo miya ce, ita kuwa miya ba daga kasuwa take zuwa ba. Kusan kowane gida yana da ɗan fili a baya ko gefen makewayi. Da ruwa ya sauka wajen watan Afrilu, uwargida za ta watsa irin alayyafo da rama da yakuwa da lalo, ta binne 'ya'yan kuɓewa, ta bar kabewa ta hau danga ko rufin rumbu. Zogale shi ne shingen gida, reshe kawai ake sara a kafa ya kama. Tafasa da karkashi kuwa sau da yawa da kansu suke fitowa. Taki ba a saye: kashin awaki da na kaji da tokar murhu sun wadatar.

Daga wannan ɗan fili ake samun miyar taushe, da miyar yakuwa mai ɗan tsami, da faten tsaki da rama, da kwaɗon zogale da aka murza masa ƙuli-ƙuli da albasa. Kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba an yanka kuɓewa an shanya, an busar da ganye a inuwa don kada ya dushe, an ɗura a tulu ko ƙwarya. Da wannan tanadi ake ratsa rani. Abin da mace za ta aika a sayo bai wuce gishiri da daddawa da ɗan mai ba, ita ma daddawar akwai masu yin ta a unguwa da kalwar ɗorawa.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birni. Ma'aikata suka cika gari. Aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, aka gina filin jirgin sama a nan Maikunkele, garin kuma ya zama hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso. Mai albashi yana son abin da zai dahu da wuri. Injin niƙa ya hutar da turmi. Masara, wadda da gasawa ake yi a ci da damina, ta ture dawa daga tukunya bayan takin zamani ya yawaita. Dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa, a wasu gidajen ma ya kore ta. Shinkafa da ake jira sai sallah ta zama ta kullum, ga kuma cibiyar binciken hatsi da ke Badeggi tana fitar da sababbin iri. Abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1976 ɗin ce gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, tana roƙon kowane gida da kowace makaranta su noma ko da ɗan bayan ɗaki ne. Abin da gwamnati ke roƙo a rediyo, iyayenmu mata sun riga sun gaje shi.

Sai batun abincin kan hanya. Kada mu ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Ƙosai da koko, waina, ɗanwake, alale, dafaffiyar gyaɗa, soyayyiyar doya da yaji, tsire da balangu, duk sun girmi kowa a cikinmu, kuma da su matanmu da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sai dai a da matsayinsu sananne ne: karin kumallo, guzurin matafiyi, ko tsarabar da maigida zai shigo da ita a takarda bayan isha'i. Ba su taɓa zama a madadin tuwo ba.

Na zamanin ne suka zo da wani hali. An buɗe Mr Bigg's na farko a Legas a 1986, irinsa suka bazu har suka iso Minna. Taliyar Indomie ta shigo Nijeriya a 1988, aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a 1995. Ita ce ta fi kowa yi mana shigar sauri, domin ta sami mazauni a teburin mai shayi. Awara ta biyo baya, ga shawarma a cikin gari. Yau idan aka tambayi yaranmu abin da suka fi so, amsar ba ta wuce Indomie da ƙwai ko awara da yaji. Ba mu ce haramun ba ne, mu ma muna ci. Damuwar ita ce saurayi ya ci nasa a tsaye a bakin titi, budurwa ta shige ɗaki da leda, tuwo ya kwana ba a taɓa ba. Gidan da ba a haɗuwa a kwano ɗaya, yaushe uba zai ji abin da ke damun ɗansa?

A daidai wannan lokaci kuma filin bayan gida ya tafi. Gari ya cika, fuloti ya yi tsada, inda ake shuka rama an yi ɗakin haya, tsakar gida an malale ta da siminti. Muka koma sayen ganyen da da kyauta ake miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Ba mu ji zafin abin sosai ba sai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuɗin mota ya hau kan kowane ƙullin alayyafo da kowane kwanon tumatir. Yanzu a gidaje da yawa hatsin tuwo yana nan, kuɗin cefane ne ke gagara.

To 'yan uwa, tarihin nan da kansa ya nuna mafita, kuma ba ta bukatar gona. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da takin awaki, ya isa. Alayyafo cikin wata guda ya kai yanka, idan aka bar gindinsa zai sake tohowa. Kuɓewa wajen wata biyu take fara 'ya'ya. Reshen zogale biyu a jikin katanga za su ciyar da gida shekaru. Da rani ruwan wankin shinkafa da na alwala ya ishe su, a dai kare su daga awaki da kaji. Iri kuwa yana hannun tsofaffinmu, a ƙulle a tsumma, suna jiran mai tambaya.

Muna kira ga magidanta su ba mata wuri da goyon baya, a kuma sa yara ban ruwa, domin yaron da ya shuka zogale da hannunsa ba ya raina kwaɗonsa. Sannan ko sau uku ne a mako, a ajiye waya a zauna a ci tuwon dare tare. Dattawan da suka ga zamanin ciyayya a unguwanninmu, muna roƙon ku faɗa mana abin da kuka tuna, mu tattara domin na baya.

Allah ya albarkaci abincinmu, ya ba mu damina mai albarka.

Sakataren Ƙungiya