Azumin da Ake Cin Rogo da Gyaɗa: Tarihin Kame Baki a Addinin Hindu

Duk wanda ya yi zamani da finafinan Indiya, ko a sinimar Plaza da Eldorado ta Kano ko a fassarar Hausa da ake turawa a waya, ya taɓa cin karo da wannan fitowar. Mata sun yi cincirindo a saman soro da dare, hannu ya sha lalle, kowace ta ci adon amare, tana riƙe da faranti mai fitila da 'yar butar ruwa. Wata na leƙowa sai ta ɗaga rariya ta dube shi ta cikinta, ta juyo da rariyar kan fuskar mijinta, shi kuma ya ba ta ruwa a baki. Masu kallo da yawa a nan sukan ɗauka salon soyayya ne kawai na 'yan fim. Azumi ne matar take buɗewa. Sunansa Karwa Chauth, ana yinsa a rana ta huɗu bayan cikar wata a watan Kartik na kalandarsu, wajen Oktoba ko Nuwamba. Matar aure kan ci abin da uwar mijinta ta aiko mata kafin gari ya waye, daga nan ko ɗigon ruwa ba ta sha sai wata ya fito, duk don roƙon tsawon rai ga maigida.

A da, al'ada ce ta arewa da arewa maso yammacin ƙasar, su Punjab da Haryana da Rajasthan. Fim ne ya raka ta sauran sassa, musamman Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda Kajol ta yi azumin a ɓoye saboda Shah Rukh Khan alhali an sa mata rana da wani, shi ma ya ƙi cin komai don ya taya ta. Yanzu masu lalle da masu sayar da awarwaro na cin kasuwarsu a makon, wasu mazan na taya matansu, wasu matan kuma na sukar abin suna tambayar dalilin da zai sa mace ce kaɗai za ta wuni da ƙishirwa. Wannan sauyin da aka gani cikin shekara 30 ba baƙon abu ba ne. Haka azumin 'yan Hindu yake tun fil'azal: kowane zamani ya zo sai ya sake masa riga, masu yinsa kuma su ce gadon kakanni ne.

Ɗaya daga cikin Musulmin farko da suka zauna suka yi wa lamarin duban tsanaki shi ne Abu Raihan al-Biruni, mutumin Khwarizm da aka haifa a 973. Ya shiga yankin Indiya a zamanin yaƙe-yaƙen Sarki Mahmud na Gazna, ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malamansu, kuma wajen 1030 ya kammala littafinsa kan ƙasar Hindu. Ya ware babi guda ga ire-iren azuminsu, wani babin ga ranakun yinsa. Abin da ya fara lura da shi shi ne azumi a wurinsu na ganin dama ne, wato nafila. Babu wata guda da aka wajabta wa kowa da kowa. Mutum ne ke ɗaukar wa kansa bakance ga abin bautar da ya zaɓa, a ranar da ta dace da shi, da ƙa'idar da gidansu ko garinsu ya saba. Shi ya sa a gida ɗaya za a iya samun uwa tana azumin Litinin don Shiva, ɗa yana na Talata don Hanuman, kaka kuma tana jiran ranar sha ɗaya ga wata.

Tushen abin ya girmi al-Biruni da sama da shekara 1500. A wani tsohon littafin hadaya mai suna Shatapatha Brahmana akwai wata muhawara mai ban sha'awa tun a shafukan farko. Mai gidan da zai yi hadayar wuta gobe, a sabon wata ko cikarsa, me zai ci yau da dare? An yi imani cewa da zarar ya ƙulla niyya, ababen bautar sun riga sun sauka a gidansa suna jiran safiya, kuma rashin kunya ne mai masauki ya ci abinci baƙi na zaune ba su ci ba. Wani malami ya ce to ya kwana da yunwa. Shahararren malamin nan Yajnavalkya bai yarda ba, ya nemo mafita: ya ci abin da ko an ci ba a lissafa shi a ci, wato abin da ba a hadaya da shi. Shinkafa da sha'ir ake miƙa wa wuta, saboda haka su ne haram a daren. 'Ya'yan itace da tsirran daji kuwa babu laifi. Wannan fatawa ta yi tsawon rai fiye da hadayar da aka yi ta dominta.

Littattafan shari'arsu na baya sun mayar da azumi kaffara. Littafin Manu, mai kusan shekara 2000, ya zayyana wani da ake kira Chandrayana, wanda ke bin girman wata da loma. Ranar da wata ya cika mai laifi zai ci loma 15. Kashegari 14, jibi 13, haka har ranar da wata ya ɓace, ba ya cin ko ɗaya. Daga nan sai ya fara hawa da loma ɗaya, biyu, uku, har wata ya sake cika. Akwai kuma na kwana 12: kwana uku ci da safe kawai, uku da yamma kawai, uku sai abin da aka ba shi ba tare da ya roƙa ba, uku na ƙarshe babu komai.

Littafin Manu ɗin nan ya kuma ce mace ba ta da wata hadaya ko bakance ko azumi nata na kanta daban da na mijinta. Abin dariyar shi ne mata ne suka wayi gari su ne ma'abota azumin. Hadayar wuta tana cin dukiya, tana buƙatar limamai 'yan ajin Brahman, kuma an katange mata da ƙananan azuzuwan al'umma daga karatun littattafan Veda. Da littattafan Purana suka yaɗu a ƙarnonin da suka biyo, sai suka buɗe wata ƙofa: kowa zai iya samun lada irin na babbar hadaya da kame baki, da wanka, da kunna fitila, da sauraron ƙissa. Ba a daɗe ba azumomi suka yi yawan da sai da aka tattara su a kundi. A ƙarni na 13, Hemadri, wazirin sarakunan Yadava na Devagiri, ya cika wani ƙaton sashe na kundinsa da ɗaruruwan irinsu.

Kowane azumi da ƙissarsa, kuma sauraronta rukuni ne. Mata kan zauna a da'ira, kowace da 'yan ƙwayoyin hatsi ko fure a tafin hannu, wata dattijuwa na ba da labarin wadda ta fara yinsa da abin da ya same ta. A azumin Vat Savitri ana tuna Savitri ta cikin littafin Mahabharata, wadda ta kame baki kwana uku kafin ranar da aka ce mijinta Satyavan zai mutu, ta bi Yama mai ɗaukar rai tana ja-in-ja da shi har ya sakar mata mijin. Masu azumin kan zagaya bishiyar banyan, dangin ceɗiya, suna naɗa mata zare. Wata mai bincike, Anne Mackenzie Pearson, da ta zauna da matan birnin Banaras ta fitar da littafi a 1996, ta tarar lafiyar miji da 'ya'ya ba ita kaɗai ce hujjarsu ba. Da yawa sun ce suna yi ne don kwanciyar hankalinsu. Ba abin mamaki ba ne: a gidan gandu inda amarya ke ƙarƙashin uwar miji dare da rana, ranar bakance ita ce ranar da ba mai iya ce mata bari.

Cikin azumomin da ke yawan maimaituwa akwai Ekadashi na mabiya Vishnu, ranar sha ɗaya ta kowane rabin wata, sau 24 ke nan a shekara. Mafi tsananinsa yakan faɗo a tsakiyar zafin Mayu ko Yuni, kuma shi ba a shan ko ruwa. A sauran, da kuma kwana tara na bikin Navratri, fatawar Yajnavalkya ce ke aiki: a bar shinkafa da alkama da wake da albasa da tafarnuwa, a bar gishirin teku a koma na dutse, a ci abin da ba hatsi ba.

A nan ne tarihi ya yi wasansa. Idan aka leƙa kicin ɗin wata mai azumi a Pune ko Mumbai, za a tarar tun dare ta jiƙa wasu fararen ƙwayoyi masu suna sabudana. Da safe sai ta narka man shanu, ta zuba 'yan kayan ƙamshi da ɗanyen barkono, ta soya yankakken dankalin Turawa, ta juye ƙwayoyin da suka kumbura, ta barbaɗa dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa, ta yi ta juyawa har su yi sheƙi. Sabudana ba komai ba ne illa sitacin rogo da aka mulmula. Rogo, gyaɗa, dankali, barkono: babu ko ɗaya da Yajnavalkya ko Hemadri ya taɓa gani. Duk amfanin gonar nahiyar Amurka ne da jiragen Turawa suka kawo bayan Vasco da Gama ya sauka a Calicut a 1498. Rogo bai kankama ba sai da Sarki Visakham Thirunal na Travancore, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1885, ya dage kan nomansa don maganin yunwa, sannan masana'antun sabudana suka tashi a Salem ta jihar Tamil Nadu a shekarun 1940. Tunda ba hatsi ba ne, kuma babu tsohon littafin da ya hana su, sai baƙin suka zama abincin ibada. 'Yan Indiya da kansu na yi wa juna tsiya cewa ranar azumi aka fi cika ciki.

Daga gida azumin ya fita fagen siyasa. Mahatma Gandhi ya ba da labarin mahaifiyarsa Putlibai, wadda a watanni huɗun damina takan yi bakancen ba za ta ci ba sai ta ga rana. Yara su tsaya suna kallon hadari, rana na ɓullowa su ruga su kira ta, kafin ta fito gajimare ya rufe, sai ta koma aikinta ba ta ci ba. Ɗan nata ya yi kwana 21 ba ci a Delhi a 1924, azumin da ya fara a gidan Maulana Muhammad Ali, don a daina rikicin Hindu da Musulmi, kuma dalili ɗaya ne ya sa shi azuminsa na ƙarshe a Janairun 1948. A 1965, da abinci ya yi ƙaranci, Firayim Minista Lal Bahadur Shastri ya roƙi jama'a su riƙa tsallake cin dare ranar Litinin, aka kuwa amsa. A Satumban 2014 Narendra Modi ya zauna a liyafar Shugaba Obama a Fadar White House da ruwan ɗumi kawai a gabansa, saboda Navratri.

Amma labarin da ya fi nuna yadda sabon azumi ke haihuwa shi ne na wata abar bauta mai suna Santoshi Mata. Babu sunanta a littattafan Purana. A farkon shekarun 1960 aka fara jin ɗuriyarta a arewacin Indiya, ta bakin mata da ƙananan ƙasidu masu arha da ake sayarwa a bakin wuraren bauta. Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Juma'a 16 a jere, ci sau ɗaya a wuni, kada a kusanci abu mai tsami, ko lemun tsami ko tsamiya ko nono mai tsami, kada ma a ba wani. Abin da ake miƙa mata mazarƙwaila ce da gasasshen waken chana, abin da ko talaka ba zai gaza ba. Idan buƙata ta biya sai a dafa abinci a ciyar da yara maza takwas.

A 1975, shekarar da fim ɗin Sholay ya fito da manyan jarumai da maƙudan kuɗi, wani ƙaramin fim mai suna Jai Santoshi Maa, wanda Vijay Sharma ya ba da umarni, ya shiga kasuwa ba tare da kowa ya kula shi ba. Labarin Satyavati ne, amaryar da mijinta ya yi tafiya, facalolinta suka mayar da ita baiwa, suna ba ta guntun abinci. Ta riƙe azumin Juma'a, miji ya dawo da arziki. Ranar walimar cika bakance sai facalolin suka matsa lemun tsami a abincin don su ɓata mata, masifar ta faɗa kan 'ya'yansu, sai da Satyavati ta roƙa aka tashe su. Fim ɗin ya kuma ba Santoshi asali, ya ce 'yar abin bautarsu Ganesha ce.

Abin da ya biyo baya ya ba masu sharhi mamaki. Fim ɗin ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar, kafaɗa da kafaɗa da Sholay. Mata suka riƙa zuwa ƙungiya-ƙungiya, suna cire takalma a ƙofar sinima kamar yadda ake yi a wurin bauta, suna jefa furanni da kwabbai a gaban majigi duk sanda Anita Guha ta fito a matsayin Santoshi. Waƙar yabon da Usha Mangeshkar ta rera a ciki ta koma abin rerawa a wuraren ibada na gaske. Aka gina mata ɗakunan bauta, wasu tsofaffin kuma aka sa mata gunki a cikinsu.

Masana irin su Veena Das da Philip Lutgendorf sun yi rubutu kan dalilin wannan karɓuwa, kuma bayanin bai da nisa da abin da ke fili. Matan ƙananan ma'aikata da suka baro ƙauye suka tare a birane sun samu ibadar da ba ta buƙatar liman, ba ta buƙatar Sanskrit, kuɗinta bai wuce na mazarƙwaila ba, ƙissarta kuma ta rikicin cikin gida ce da suka sani ciki da bai. Bayan shekara 40, a 2015, wata tashar talabijin ta fara wasan kwaikwayo mai dogon zango a kanta, inda Gracy Singh ta fim ɗin Lagaan ta hau matsayin da Anita Guha ta bari.