Kiɗan Ɗaki a Yammacin Lahadi

Ranar da na fara shiga Conway Hall, a dandalin Red Lion da ke tsakiyar Landan, sai da na yi abin kunya. Makaɗa huɗu ne a kan dakali: biyu da goge irin na Turawa, na uku da wanda ya ɗan ɗara nasu girma, na huɗu kuma ya kafa wani ƙaton goge a ƙasa, tsakanin gwiwoyinsa. Ba mawaƙi, ba ganga. Suna ɗagawa, ni kuwa na ɓarke da tafi. Ni kaɗai! Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa da saura, kiɗan kashi huɗu ne, sai an kai ƙarshe ake tafawa.

Turawa suna ce wa wannan kiɗan ɗaki, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Asalinsa a ɗakunan sarakuna da masu hannu da shuni ake yin sa, don maigida da baƙinsa. Joseph Haydn, wanda ya kafa wa kiɗan goge huɗu ƙafa, makaɗin fada ne sosai. Daga 1761 ya yi kusan shekara 30 yana bauta wa gidan sarautar Esterhazy, da rigar aiki a jikinsa kamar sauran barori. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada suke zama a ƙofar sarki a wurinmu, ba ya bukatar dogon bayani.

To yaya aka yi kiɗan fada ya zo hannun mai sayar da kayan miya da ɗan ƙwadago? A 1878 wasu mutane suka kafa ƙungiya mai suna People's Concert Society, da niyyar kai irin wannan kiɗa unguwannin talakawan Landan. Cikin wuraren da suke yin sa akwai wani ɗakin ibada da ake kira South Place, a Finsbury. Jama'ar wurin irin waɗanda suka yi hannun riga da koyarwar coci ne, suka koma taron lacca da muhawara. Da aljihun ƙungiyar ya yi rauni a 1887, su suka karɓi ragamar, suna yin sa ran Lahadi.

Zaɓen ranar Lahadi shi ne wurin da labarin ya fi yi mini daɗi. A lokacin, ita ce kaɗai ranar da ma'aikaci yake da cikakken hutu, amma kuma akwai dokar 1780 da ta hana karɓar kuɗin shiga wurin nishaɗi a wannan rana. Sai suka buɗe ƙofa kyauta, kowa ya shigo, sa'an nan a karɓi abin da ya sawwaƙa. Dokar da aka yi don a tsare mutane a gida da coci, ita ce ta sa talaka ya ji Beethoven ba tare da tikiti ba. Sai a 1932 majalisa ta sassauta ta.

Akwai mutum ɗaya da bai kamata a tsallake ba, Alfred Clements. Shi ne sakataren shirin tun daga 1887 har ya rasu a 1938. Shekara 50 da ɗoriya yana neman makaɗa, yana tsara abin da za a kaɗa, yana lissafin 'yan kuɗin da aka tara. A hannunsa aka yi taro na 1000 a 1927, a hannunsa kuma aka yi ƙaura zuwa sabon gini a 1929, wanda aka raɗa wa sunan Moncure Conway, Ba'amurken nan mai yaƙi da cinikin bayi da ya daɗe yana jagorantar jama'ar South Place. Na sha shiga ƙungiyoyi a gida, na ga yadda ake rububin kujerar shugaba, a bar ta sakatare kamar mushe. A ganina, ba gwanintar makaɗa ba ce ta raya wannan taro. Gwanaye suna zuwa su wuce. Mai rubuta wasiƙu da buɗe ƙofa ne ya riƙe shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da taron na wasu shekaru, sa'an nan ya dawo. Yanzu tikiti ake saya, kuma gaskiya furfura ta fi yawa a zauren, 'yan ƙwadagon da aka yi abin dominsu sai an duba da kyau. Har yanzu dai ran Lahadi ne, da ƙarfe shida da rabi na yamma. Zuwana na biyu na sake tarar da tsohuwar nan a kujerarta. Da kashi na farko ya ƙare, ta juyo ta dubi hannuwana, ta ga na cusa su a aljihun kwat.