Takardar Neman Aiki: Daga Hannun Sarki Zuwa Bakin Na'ura

Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci, yana da shekara talatin a duniya, ya shirya wasiƙar neman aiki zuwa ga Ludovico Sforza mai riƙe da mulkin Milan a ƙasar Italiya. Duniya ta san Leonardo da zane, amma ba da zane ya buɗe wasiƙar ba. Ya san Ludovico mutum ne da yaƙi ya dabaibaye, don haka ya fara da abin da ke hana sarkin barci. Ya ce ya iya gadoji marasa nauyi da runduna za ta ɗauka ta yi tafiya da su, ya iya janye ruwan gwalalon da ke kewaye da birni, ya iya ƙera igwa, da haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, da keken yaƙi mai rufi. Sai can ƙarshe ya ambaci gine-gine, da sassaƙa, da zane, da dokin tagulla da zai ƙera don tunawa da mahaifin sarkin. Ya zauna Milan har 1499, lokacin da Faransawa suka ci garin. Daftarin wasiƙar yana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana.

Na kawo wannan ne saboda matasan da ke zuwa wurina suna jin kamar gyara CV, wato takardar neman aiki, don ya dace da tallar aiki wani sabon wayo ne da kwamfuta ta jawo. Tsohuwar sana'a ce. Mai karatun ne kawai ya sauya.

A da, yawancin ma'aikata ba su ke bayyana kansu ba, wani ne ke faɗin ko su wane ne. A Ingila, bara ba ya samun sabon gida sai da takardar shaidar hali daga tsohon ubangidansa, kuma darajarta ta kai har majalisa ta yi doka a 1792 don hukunta mai jabunta. A Faransa, daga 1803 har 1890, lebura na yawo da ɗan littafin da iyayen gidansa ke sa wa hannu. A wajenmu ma, uba ke kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maƙeri ko ɗan kasuwa ya ce, "Ga amana." Sanin asali shi ne takarda.

Da kamfanoni suka girma a ƙarni na 20, mai ɗaukar aiki ya daina sanin uban kowa, sai takarda ta maye gurbin mai tsaya wa mutum. Tafireta ta daidaita fasalinta. Injin hoton takarda na Xerox, wanda ya fito a 1959, ya sa mutum ɗaya zai iya watsa takarda ɗaya a ofisoshi da dama. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata, na ga zamanin a idona: wasiƙa da rubutun hannu a doguwar takarda, hoton fasfo a maƙale, kwafin satifiket a baya, wasu ma mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ya tsara musu. Mukan zauna da tarin fayil muna dubawa. Ido na gajiya, son kai na shigowa, amma idan mace ta rubuta cewa ta bar aiki shekara biyu don jinyar mahaifiyarta, akwai zuciyar da za ta gane.

Yawan takardun ne ya kira na'ura. A 1988 aka kafa kamfanin Resumix a Kalifoniya, mai manhajar da ke ɗaukar hoton takarda, ta mai da ita rubutun da kwamfuta ke iya bincikawa, sannan ta nemo kalmomin da mai ɗaukar aiki ke so. Nan da nan shawarar da ake ba masu neman aiki a Amurka ta juya. Aka ce kada a naɗe takarda, kada a ja layi ƙarƙashin kalma, a guji haruffa masu ado, a yawaita sunayen ƙwarewa domin su na'ura ke farauta. Intanet ta ƙara wa wutar mai. Shafin neman aiki na Monster Board ya buɗe a 1994, LinkedIn a 2003, neman aiki ya koma danna maɓalli. Sauƙin turawa ya ninka masu nema, yawansu kuma ya ƙara tsananta tacewa. Kasuwar ta yi girman da a 2012 Oracle ya sayi Taleo, ɗaya daga manyan masu irin wannan manhaja, kan dala biliyan 1.9.

Aikin manhajar ba sihiri ba ne. Tana yayyanka CV ta zuba shi a gurabe: suna, makaranta, muƙami, shekaru, ƙwarewa. Idan ka tsara naka da tebur ko ginshiƙi biyu ko hoto, tana iya cakuɗa layukan. Daga nan sai tambayoyin eh ko a'a da ke fitar da mutum nan take, sai kuma jami'i ya rubuta kalma ya ga waɗanda suka fito sama. Aikinta kamar na rariya ne, girman ƙwaya take gani, ɗanɗanon gari ba ruwanta da shi.

Asarar da hakan ke jawowa ta fito fili. A 2021, binciken makarantar kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture ya kiyasta cewa mutum miliyan 27 a Amurka na cikin waɗanda tsarin ɗaukar aiki ba ya gani, kuma kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki sun amsa cewa ana zubar da ƙwararru don kawai ba su dace da kalmomin talla daidai wa daida ba. Giɓin wata shida ba aiki ya isa ya kori mutum a wurare da yawa. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhaja da ya horar da takardun shekara goma, domin ta koyi rage wa takardun mata maki. A 2023 kamfanin iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan wata hukumar Amurka ta zarge shi da saita manhaja ta ƙi mata daga shekara 55 da maza daga 60. A shekarar ce birnin New York ya fara tilasta binciken wariya a irin waɗannan na'urori, a 2024 kuma dokar Tarayyar Turai ta sa su cikin masu babban haɗari.

To me zan ce wa ɗana ko 'yata da ke zaune a kafen intanet yana cike fom na kamfanin waje ko ƙungiyar agaji? Karanta tallar sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin abin da suka maimaita. Idan ka taɓa yin aikin, kira shi da sunan da suka kira shi, ka ɗora shi a sama, ka faɗi inda ka yi shi da abin da ya haifar. Kowane aiki da takardarsa. Tsari ya zama miƙaƙƙe, ba ado. Amma kada ka rubuta abin da ba ka iya ba, kada ka ɓoye kalmomin talla da farin rubutu kamar yadda wasu ke yi. Bayan na'ura akwai mutum, kuma ranar intabiyu ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sauran nauyin yana wuyan masu ɗaukar aiki, abokan sana'ata. Su ke rubuta talla mai sharuɗɗa ashirin alhali biyar aikin ke buƙata, su ke saita abin da na'ura za ta zubar. Ina roƙon kowane jami'i, duk lokacin da aka rufe karɓar takardu, ya buɗe jerin waɗanda manhaja ta ƙi, ya karanta wasu da idonsa. Idan ya tarar da wanda ya cancanta a ciki, ya gyara sharaɗin kafin talla ta gaba, domin haƙƙin wannan mutumin a kansa yake.